An yi wa maƙwabcinmu aikin yana ya gani, Baba kuma an dawo da shi gida

Assalamu alaikum, Anti. A kan mahaifinmu nake neman shawara. Shekarunsa 74, yanar ido ta rufe masa gani. Na dama ya fi shekara biyu ba ya ganin komai da shi, na hagu kuma yana ganin giftawar mutum amma ba ya gane fuska sai an yi magana. Watan jiya aka zo garinmu aikin ido kyauta, muka kai shi tare da maƙwabcinmu, sa'ansa. Shi maƙwabcin aka yi masa, washegari da aka cire bandeji ya ga jikokinsa har ya yi kuka. Baba kuwa likita ya daɗe yana haska masa ido, ya auna, ya rubuta 38 da 29 a kati, ya ce yana da hawan jinin ido, sugansa ma ya hau, ba za su taɓa shi a nan ba, mu kai shi babban asibiti. Ya ƙara da cewa ko an yi aikin ba ya alkawarin na dama zai gani. Yayana ya ce don ba mu da kowa ne. Kawunmu ya ce akwai mai cire yana na gargajiya da ke zuwa ranar kasuwa, nan take ake gani. Baba ya daina zuwa masallaci sai an ja shi, Alƙur'anin da ya saba karantawa bayan asuba yana nan a rufe. Shekararsa tara da ciwon suga, yana kuma shan wani maganin fitsari. Maganin ɗigawar da aka rubuta ma ya hana a saya, wai idon da ba ya ciwo me zai yi da magani. Anti, ya za mu yi?

'Yarsa, daga Jihar Katsina

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri a kan tsayuwar da kika yi masa.

Kafin komai: a sayo maganin ɗigawar nan yau, a fara sa masa da daddare. Sauran maganar duk za ta iya jiran mako guda, wannan ba za ta jira ba. Zan dawo kanta.

Na fahimci ɓacin ran yayanki. Mutum biyu sun tafi tare, farin da ke idonsu iri ɗaya, ɗaya ya dawo yana gani ɗaya ya dawo da takarda, dole zuciya ta kawo zargi. Amma da na karanta wasiƙarki har ƙarshe sai na ji hankalina ya kwanta da likitan nan. Wanda ke son sallamar ku ba zai ɓata lokaci yana haskawa yana aunawa ba. Ya duba abin da ke bayan yanar ne, ya ga idon Baba ba irin na maƙwabcinku ba ne, ya kuma faɗa muku gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba.

Sunan da muke kiran cutar ne ma yake ruɗa mu. Da an ce yana sai mutum ya tuna wadda ke kwanciya a kan kunu, a sa cokali a yaye. Ba haka take ba. A cikin ƙwayar ido akwai wani ɗan madubi garau da Allah ya halitta, shi ke tattara haske. Da tsufa, ko da ciwon suga, madubin nan da kansa yake yin hazo har ya yi fari. A wajen aiki shi ake cirewa, a sa na roba a gurbinsa. Ki ɗauki fitilar ƙwai. In ƙwan ya yi baƙi da hayaƙi, a canja shi, ɗaki ya haskaka: wannan shi ne maƙwabcinku. In kuwa lagwanin ne ya cinye, ko sabon ƙwai goma aka sa duhu ba zai gushe ba. A ido, lagwanin shi ne jijiyar da ke kai gani ƙwaƙwalwa, da kuma tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido. Hawan jinin ido jijiyar yake ci, suga kuma tantanin yake ɓatawa, Baba kuwa ga shi da duka biyun.

Hawan jinin ido ba shi ne hawan jinin da ake aunawa a hannu ba, mutum na iya samun ɗaya ba shi da ɗayan. Ido yana yin wani ruwa a cikinsa kullum, ruwan kuma yana fita ta wasu ƙananan magudanai. In magudanan suka toshe sai ruwan ya taru, ƙarfinsa ya dinga danne jijiya a hankali. Awon lafiyayyen ido yakan tsaya tsakanin 10 da 21. Kin ga ke nan 38 da 29 ba ƙananan lambobi ba ne. Mugun halin cutar shi ne yawanci ba ta zafi, ba ta ja, kuma daga gefe take fara cin gani. Dattijo ya yi ta tuntuɓe da buta, yana bugun ƙyauren ɗaki da kafaɗa, ana cewa tsufa ne. Tsakiyar gani ce ke tafiya a ƙarshe. Abin da ta ci kuwa ba ya dawowa, ba da ɗigo ba, ba da tiyata ba. Abin da magani ke yi shi ne tsare ragowar.

Ba Baba kaɗai ba ne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa a cikin masu shekara 40 zuwa sama, yana ce ke da kashi 43 cikin ɗari na makanta, hawan jinin ido na bi mata da kusan kashi 17. Kusan mutum 1 cikin 20 na wannan shekaru yana da hawan jinin ido, kuma mafi yawansu ba su ma san suna da shi ba. Don haka haɗuwar cutukan biyu a idon dattijo ɗaya abu ne da likitocin ido ke gani kullum.

Game da idon dama, ki shirya zuciyarki. Akwai gwajin da likita ke yi a ɗaki mai duhu: a rufe ɗayan idon ruf, a haska tocila daga sama, daga ƙasa, daga dama, daga hagu, a ce, "Baba, ta ina hasken yake?" Yana komai kaurinta ba ta hana mutum sanin an kunna fitila, kamar yadda kike sanin rana ta fito ko idonki a rufe. Wanda yana kaɗai ke damunsa zai nuna da hannu ya ce ga shi nan. Wanda ya yi shiru, ana haska shi yana tambaya ko an kunna, to matsalar ta wuce yana. Likita yana kuma kallon ɗan baƙin ramin tsakiyar ido, ko yana tsukewa in haske ya taɓa shi. In farin ya hana a hango baya, akwai hoton da ake ɗauka da na'ura irin ta duba juna biyu, a ga ko tantanin yana nan a mazauninsa. Ina kyautata zaton abin da likitanku ya gani ne ya sa ya ƙi yin alkawari. In a babban asibiti aka sake dubawa aka ce idon dama ba ya jin haske ko kaɗan, kada ku matsa a yi masa aiki. Wahala ce da kashe kuɗi, sannan ranar cire bandeji zuciyar Baba ta karye.

Hankalinku duka ya koma kan na hagu. Tunda yana ganin giftawar mutum, akwai rai a jijiyar, kuma mai yiwuwa cire yanar ya ƙara masa gani sosai. Sai dai shi kaɗai ya rage, ido ɗaya kuwa ba a yi masa aikin gaggawa. Masu aikin kyauta suna yin alheri mai yawa, dubban mutane sun dawo gani ta hannunsu. Amma kwanaki kaɗan suke yi su naɗe kayansu, kuma an tsara aikin ne don yanar da ba ta da wani ƙari. Idon da ƙarfinsa ya hau yakan ƙara hawa a kwanakin farko bayan aiki. Maganin ɗigawar da ake bayarwa don kumburi shi ma yana ɗaga ƙarfin ido a wasu mutane. Jijiyar da ta riga ta raunana ba ta jure wannan. Ana bukatar wanda zai auna washegari, ya auna bayan mako, ya auna bayan wata. Wani lokaci likita kan sauke ƙarfin da magani tukuna sannan ya cire yana, wani lokaci ya haɗa aiki biyu a zama ɗaya, ya cire yanar ya kuma buɗe wa ruwan sabuwar hanya. Wannan hukuncin na wanda ya duba idon ne da kayan aiki a gabansa.

Akwai kuma wani abu da ake samu a idon tsofaffi: wani farin gari kamar amosanin kai da ke taruwa a cikin ido. Yana toshe magudanan ruwa, yana kuma raunana siraran zaruruwan da ke riƙe da madubi, har madubin ya dinga rawa a hannun likita. Ban ce Baba na da shi ba, na kawo shi ne don ki ga irin abubuwan da ke sa a fi son asibitin da ke da kayan ko-ta-kwana.

Suga kuma ta fuska biyu yake shiga maganar. In ya hau sosai ranar aiki, rauni ba ya saurin warkewa kuma ƙwayar cuta ta fi samun hanya. Wannan mai sauƙi ne, a gyara magani da abinci a sauke shi. Wanda ya fi nauyi shi ne abin da shekara tara ta yi wa ƙananan hanyoyin jini na bayan ido. Sukan yi yoyo, su zubar da jini, ko tsakiyar tantanin, inda ake karatu da gane fuska, ta kumbura. Aikin yana na iya tsananta wannan kumburi. Shi ya sa ake ɗiga maganin buɗe ido a leƙa baya kafin aiki, in an ga ɓarna a yi maganinta da hasken leza ko allurar da ake yi a cikin ido. In farin ya hana gani, ana sake dubawa da zarar an cire shi. Ku roƙi likita ya faɗa muku ƙarara abin da ya gani a can.

Maganin fitsarin nan da kika ambata a wucewa, na ji daɗi da ba ki manta da shi ba. Ki duba kwalin. In tamsulosin ne, wanda ake ba dattawa maza masu wahalar fitsari, lallai likitan ido ya sani kafin ya shiga ɗakin tiyata. Tun 2005 likitocin ido a Amurka suka gano cewa yana sa tantanin da ke kewaye da baƙin ramin ido ya yi laƙwas, ya ƙi buɗewa, ya dinga lilo a tsakiyar aiki. Likitan da ya sani tun farko yana da dabarun da zai shirya, wanda abin ya zo masa ba zato shi ke shan wahala. Kada Baba ya daina sha da kansa: dainawar ba ta kawar da wannan tasiri, ga kuma haɗarin fitsari ya tsaya. Abin da nake ba kowa shawara shi ne a zuba duk magungunan dattijo a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har kwalayen da suka ƙare, a ajiye a kan teburin likita. In yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, shi ma likita ne zai ce a ci gaba ko a dakata.

Ki lura kuma ko idon yana yawan hawaye da kwantsa, ko Baba yana sa a cire masa gashin ido da matsefata saboda yana sokinsa. Na farko na iya zama toshewar hanyar hawaye mai tara ruwa, na biyu kuma sau da yawa ragowar amosanin ido ne na ƙuruciya. Duka biyun ana gyara su kafin a buɗe ido, don ƙwayar cuta in ta shiga ciki bayan aiki tana iya cinye idon cikin kwanaki. Hakiya a baƙin ido ita ma tana rage abin da za a samu.

Sai maganar Kawu. Na san da kyakkyawar niyya ya kawo ta, kuma ba ƙarya ya yi ba da ya ce wasu na ganin haske nan take. Abin da mai aikin gargajiya ke yi shi ne ya soka wani tsinke ya ture farin madubin ya faɗa can cikin ido. Hanya ta buɗe, haske ya shiga, a yi ta murna a kasuwa. Amma madubin bai fita ba, yana nan kwance a ciki yana jawo kumburi, yana ɗaga ƙarfin ido, ga tsinken ba a dafa shi ba, ga kuma ba a sa wani madubi a gurbin ba. Wancan binciken na ƙasa ya tarar da cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na idanun da aka taɓa yi wa aikin yana ta wannan hanya aka yi musu, kuma fiye da 7 cikin 10 na waɗannan idanu makafi ne lokacin da aka duba su. Wannan a kan kowa da kowa ke nan, balle mai suga, mai awon 29, mai ido ɗaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ina roƙonki da girman Allah, ko kina gidan mijinki ki tabbata akwai wanda zai hana a fita da Baba ranar kasuwa. Kada ki yi wa Kawu musu a gaban mutane. Ki same shi shi kaɗai, ki ce masa ke da yayanki kuna so shi ne zai raka Baba asibiti, shi ne babba, shi likita zai yi wa bayani. Wanda ya ji da kunnensa ya fi saurin sauka daga ra'ayinsa, kuma Baba zai fi jin maganar sa'ansa.

Haka nan a ɗauke duk wani abin da ake ɗiga masa ba da izinin likita ba: zuma, ruwan albasa, tsimin ganye, da maganin ƙaiƙayin ido na kemis. Da yawa daga na kemis ɗin nan suna da sinadarin da ke ɗaga ƙarfin ido in an daɗe ana sawa.

Na ce zan dawo kan ɗigo. Ina da gwaggo, Allah ya jiƙanta, da aka gano mata wannan cuta tana ganin zaren allura. Aka ba ta kwalba ɗaya, ta sa har ta ƙare, ta ɗauka kamar maganin zazzaɓi ne, an gama. Ta wanke kwalbar ta ajiye a cikin kwanon samira tare da katin asibiti, a naɗe a ƙyalle. Babu wanda ya tambaye ta, ni ma ban tambaya ba. Bayan shekara ɗaya da rabi na kai mata ziyara, na miƙa mata ƙoƙon fura, na ga hannunta yana lalube a iska. Da muka koma asibiti ba abin da ya rage da za a tsare. Har yau in na tuna kwalbar nan a cikin ƙyalle sai ƙirjina ya yi nauyi. Maganin hawan jinin ido ba ya sa a ga ƙari, ba ya sa a ji sauƙi, wani ma yana ɗan yaji. Shi ya sa tsofaffi ke watsar da shi. Ki faɗa wa Baba cewa wannan ɗigon ba na ciwo ba ne, shi ne sharaɗin aikin da yake so: sai lambar ta sauka za a cire yanar. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce za ta shige shi.

A samu mutum ɗaya a gidan, mai hankali, a ɗora masa sa maganin. Ɗigo ɗaya ya isa. Baba ya rufe ido, a danne kusurwar da ke kusa da hanci da yatsa kamar minti biyu, don maganin ya zauna a ido kada ya gangara maƙogwaro. In kwalba biyu ce, a bar minti biyar tsakani. Kafin ta ƙare a sayo wata. In Baba na da asma ko bugun zuciyarsa na yin ƙasa, a faɗa wa likita ko mai ba da magani kafin a fara, domin timolol, ɗaya daga cikin ɗigon da aka fi rubutawa, ba ya jituwa da su, akwai kuma wasu a madadinsa. Da azumi ma ba a ajiye shi, wanda ake sawa sau biyu ana iya sa shi da sahur da bayan shan ruwa.

Daga Katsina, Kano da Kaduna ba su yi muku nisa ba. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, a Kano kuma akwai asibitin ido na ECWA, da na Makka, da sashen ido na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ku tafi da katin nan mai lambobi, da ledar magunguna, da sakamakon awon suga na kwanan nan. Ku tafi da shirin komawa fiye da sau ɗaya, ku kuma zaɓi inda za ku iya ci gaba da zuwa, don wannan jinya ce mai tsawo. Kada kuma ku bi tsohuwar maganar nan ta a bar yana sai ta nuna. Yanar da ta daɗe tana taurara, cirewarta ta fi wuya, wani lokaci ma takan kumbura ta toshe hanyar ruwa gaba ɗaya. In wata rana idon Baba ya yi ja, ya kama ciwo mai tsanani da ciwon kai ko amai, ranar za a tafi asibiti, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati.

A gaban likita ku yi tambaya uku, ku tsaya sai an amsa: wane ido ne ake sa ran zai amfana, wane irin gani ake sa rai, kuma me za a fara yi. A yi bayanin Baba na zaune, da Hausa, a fuskance shi. Dattijo mai hankalinsa ne, idonsa ne, kada a dinga magana a kansa kamar ba ya wurin. Kada kuma ku ce masa zai dawo kamar maƙwabcinsa. Mai yiwuwa ya koma karatu da tabarau da Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe. Mai yiwuwa abin da zai samu shi ne ya gane fuskarki, ya ga kwanon abincinsa, ya kai kansa masallaci. Ga mutumin da yau sai an ja shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma in an sa masa rai da abin da ya fi haka zai ga kamar aikin bai yi ba, ya watsar da ɗigon da zai ci gaba da bukata ko bayan an cire yanar.

Kafin lokacin, kada a bar bayan asubar nan ta zama shiru. A sa jika ɗaya ya zauna kusa da shi da Alƙur'anin a buɗe yana karantawa, Baba yana gyara masa. Wanda ya shekara da shekaru yana tilawa, kunnensa ya fi idon yaro kama kuskure.

Ke da yayanki da sauran 'yan ɗakinku kuma, duk wanda ya kai shekara 40, ranar da kuka kai Baba ku yanki kati a auna muku ido a leƙa jijiya. Hawan jinin ido yana bin jini, kuma 'ya'yan mai shi da 'yan'uwansa sun fi kowa haɗarin samu. Kawu ma, in ɗan'uwan Baba ne na jini, a duba shi tunda ga shi ya zo.